Auna radiyeshon daga jini: sharhi a kan sabis da ya ɗauki tafiyar jini a matsayin rabin gwaji

Duk wanda aikinsa ya shafi kula da lafiyar ma'aikatan da ke mu'amala da radiyeshon, ko a asibiti ne ko a masana'antar da ake duba ingancin walda da sinadarin iridiyam-192, akwai ranar da zai gamu da tambayar da bajen auna radiyeshon da ma'aikaci ke maƙalawa a ƙirji ba zai iya amsawa ba. Baje ya dawo daga wurin karantawa ɗauke da adadi mai tayar da hankali, wanda ya zarce milisibat 20 (milisibat ma'aunin radiyeshon da jiki ya sha ne) da ƙa'idar duniya ta yarda ma'aikaci ya sha a matsakaicin shekara, shi kuma ma'aikacin ya dage cewa a aljihun rigar da ya rataye kusa da wurin aiki ya bar shi. Mutum ne ya sha haskokin, ko kuwa baje ne kawai? Irin wannan tambaya ce ta kai ni ga wani ɗakin gwaje-gwaje da ke wata ƙasa, wanda ke karɓar jinin mutum ya ƙidaya ɓarnar da radiyeshon ya yi wa kuromosom ɗinsa, wato ƙunshin zaren gado na DNA da ke cikin ƙwayoyin halittarsa, sannan ya ƙiyasta yawan abin da jiki ya sha. Na gamsu da aikinsu, kuma babban dalilin gamsuwata bai tsaya a kan kyawun na'urorinsu ba, ya tsaya ne a kan yadda suka kula da abin da ke faruwa da jini tsakanin fitowarsa daga jijiya da isarsa hannunsu.

Gwajin kansa tsoho ne. A 1962 ne Bender da Gooch suka nuna a Amurka cewa za a iya ƙiyasta radiyeshon da mutum ya sha daga ɓarnar kuromosom, kuma an yi amfani da hanyar a kan mutane da dama bayan hatsarin siziyam-137 da ya auku a birnin Goyaniya na ƙasar Brazil a 1987. Idan haskoki masu ratsa jiki suka datse zaren DNA a kuromosom biyu da ke kusa da juna, ƙwayar halitta takan yi ƙoƙarin gyara, wani lokaci kuma sai ta yi kuskure ta liƙa gutsure da gutsuren da ba nasa ba. Sakamakon shi ne kuromosom mai ƙugu biyu (ƙugu shi ne wurin da jikin kuromosom ya tsuke) maimakon ɗaya, wanda masu sana'ar ke kira daisentirik, tare da wani guntu marar ƙugu da ke yawo a gefe. A jinin mutumin da bai sha radiyeshon ba, da ƙyar ake samun ɗaya a cikin ƙwayoyi 1,000, kuma kusan babu abin da ke haifar da shi da yawa in ban da radiyeshon, shi ya sa ake dogara da shi.

Inda gizo ke saƙa shi ne ba a ganin kuromosom sai ƙwaya tana cikin rabuwa. Fararen ƙwayoyin jinin da ake kira limfosait, waɗanda su ake dubawa, a kwance suke cikin jini ba sa rabuwa, don haka dole a tashe su da wani sinadari mai suna PHA wanda ake samowa daga wani nau'in wake, wanda Peter Nowell ya gano tasirinsa a 1960. Ana renon su cikin ruwan abinci a zafin digiri 37 na tsawon sa'o'i 48, a zuba musu wani sinadari mai suna kolsemid a sa'o'in ƙarshe domin su tsaya cak a matakin da kuromosom ke fitowa fili, sannan a shimfiɗa su a kan gilashi a rina. Ma'anar wannan a aikace ita ce abin da ake aikawa a cikin kwalba abu ne mai rai, kuma ɗakin gwaje-gwaje yana buƙatarsa da rai da kuma ƙarfin da zai iya rabuwa. Jinin da za a auna sukari ko sinadarin ƙoda a cikinsa ba a neman wannan daga gare shi, kuma a nan ne ma'aikatan jinya da suka saba da gwaje-gwajen yau da kullum kan yi tuntuɓe ba da gangan ba.

Kafin a ɗebi jini sai da suka aiko da akwatin da za a mayar musu da shi a ciki, kuma akwatin ya nuna cewa waɗanda suka haɗa shi sun sha ganin yadda jini ke lalacewa a hanya. A ciki akwai kwalaben ɗibar jini masu koren murfi, waɗanda ke ɗauke da hefarin na litiyam don hana jini daskarewa, da umarnin a ɗebi kimanin mililita 10 kuma a juya kwalbar a hankali ba tare da girgizawa ba. An rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada a yi amfani da kwalba mai murfi launin shunayya, wato mai EDTA, wadda ita ce hannun mai ɗibar jini ya fi sabawa da ita saboda da ita ake ƙidayar ƙwayoyin jini kullum. Dalilin hanin a bayyane yake: EDTA tana kama sinadarin kalsiyam ne don ta hana daskarewa, limfosait kuwa yana buƙatar kalsiyam kafin ya farka ya fara rabuwa. Akwai kuma kwandon roba mai murfin murɗawa da aka shimfiɗa wa auduga mai shan ruwa, da kwali mai ƙarfi ɗauke da tambarin UN 3373 wanda dokar sufurin jiragen sama ta wajabta ga irin wannan kaya. Abubuwa biyu ne suka fi jan hankalina. Na farko wata 'yar na'ura ce da ba ta kai tafin hannu ba, mai rubuta zafin cikin akwati lokaci bayan lokaci tun daga danna maɓallinta har a buɗe. Na biyu ɗan bajen auna radiyeshon ne da aka manna a cikin murfin, domin idan aka ratsa akwatin da hasken binciken kaya a filin jirgin sama duk da gargaɗin da ke jikinsa, a san nawa jinin ya sha a hanya, kada a ɗora wa ma'aikaci abin da na'urar jami'an tsaro ta yi.

Batun zafi da sanyi ne ƙashin bayan umarninsu, kuma a nan na fi ƙaruwa. Sun nemi a riƙe jinin tsakanin digiri 18 zuwa 24, daidai da shawarar da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta bayar a littafin jagorarta na 2011 a kan wannan gwaji. Buhunan jel da suka sako a akwatin ba don a sanyaya su a firji ba ne; an ce a bar su a zafin ɗaki, aikinsu kawai su rage saurin hawa da saukar zafi. Wannan ya saɓa wa abin da kusan kowa ke zato, domin hankali yana ba mutum cewa duk abin da ake tsoron lalacewarsa ƙanƙara ce maganinsa. Idan jini ya daskare ya zama ƙanƙara, an gama magana, domin ƙwayoyin ƙanƙara suna huda bangon ƙwayar halitta, jajayen ƙwayoyi su fashe, fararen su mutu, babu abin da za a rena. Sanyin firji ba ya kisa nan take haka, amma yakan sa limfosait su yi nawa wajen amsa kiran PHA, ta yadda idan sa'o'i 48 suka cika, kaɗan ne daga cikinsu suka kai matakin da ake so. Zafi kuma ta wata ƙofar yake shigowa: ƙwayoyin suna ci gaba da cin sukarin da ke cikin kwalba, suna zubar da dattin aikinsu a ruwan da ba ya sabuntuwa, har su fara mutuwa da kansu ta hanyar da jiki ya tsara wa ƙwayar da ta gaji ko ta lalace.

Na tambayi masaniyar da ke kula da aikinmu ko ajiya tana ƙara yawan kuromosom masu ƙugu biyu ko tana rage su, kuma amsarta ce ta sa na fahimci abin da nake biya wa kuɗi. Ta bayyana cewa kuskuren gyaran da ke haifar da daisentirik yana kammala ne cikin 'yan sa'o'i bayan radiyeshon ya ratsa ƙwaya, saboda haka a lokacin da aka ɗebi jini ɓarnar ta riga ta zauna, zama a kwalba ba ya ƙirƙirar sabuwa kuma ba ya warkar da tsohuwa. Abin da ajiya ke taɓawa shi ne waɗanne ƙwayoyi ne za su rayu har su kai ga rabuwa. Idan jini ya kwana biyu ko uku a zafin da ya dace, yawan ƙwayoyin da ke rabuwa yana raguwa a hankali, amma kason masu ɓarna a cikinsu ba ya canzawa sosai, don haka ƙiyasin yana nan daram. Idan kuwa an daɗe ko an sha zafi, ba a bi layi ake mutuwa ba: ƙwayar da radiyeshon ya fi yi wa illa ita ce ta fi kusa da mutuwa, kuma ita ce ta fi jinkirin shiga rabuwa. Ke nan shaidun da ake nema su ne ke fara ɓacewa, waɗanda suka rage kuma su ne masu lafiya. Hatsarin mummunar ajiya shi ne ta sa a ce wa mutum ya sha kaɗan alhali ya sha da yawa, kuma wannan kuskure ya fi ɗan'uwansa muni, tunda likita zai iya sakin jiki da wanda ya kamata a sa wa ido.

Ba a takarda kaɗai na ga wannan ba. Kamfanin aika saƙon da ya ɗauki akwatinmu ya bar shi ya yi ƙarshen mako a rumbun kwastan, kuma da aka zazzage bayanan 'yar na'urar zafin sai ga zane ya fito ƙarara: layi a miƙe tun daga tashi, sannan ya riƙa hawa da rana yana sauka da dare, tudu bayan tudu, kowanne ya haura iyakar da aka gindaya. Ɗakin gwaje-gwajen bai ɓoye wannan ba, bai kuma yi amfani da shi don wanke hannunsa ba. A ranar da akwatin ya isa suka aiko da saƙo cewa sun ga zanen, jinin bai fashe ba, bajen da ke cikin murfi bai nuna an haska shi ba, sun kafa reno fiye da yadda suka saba domin cike gibin ƙwayoyin da ƙila sun mutu, kuma suna ba da shawarar a ɗebi wani jinin a aiko a farkon mako ba tare da jiran sakamakon na farko ba. Na ɗauki wannan a matsayin alamar ƙwararru, domin wanda bai san aikinsa ba zai jira sai reno ya ƙi kafin ya yi magana, alhali lokaci yana da tsada a nan: an fi son a ɗebi jini kafin makonni 4 su wuce daga ranar hatsari, kafin jiki ya fara maye gurbin ƙwayoyin da suka lalace da sababbi.

Akwai wata dabara da suke amfani da ita wadda ta dace a yi mata bayani, domin ita ce ke kare ƙidaya daga rikicewar da ajiya ke jawo wa lokacin rabuwa. Kuromosom mai ƙugu biyu ba ya jure rabuwa. Idan zaruruwan da ke jan kuromosom suka ja ƙugu ɗaya gabas ɗaya yamma, sai ya tsinke ko ƙwayar ta mutu, kuma kusan rabinsu ne ke ɓacewa a kowane zagaye. Saboda haka ƙa'ida ita ce a ƙidaya ƙwayoyin da ke rabuwarsu ta farko kaɗai. Jinin da ya wahala a hanya yakan sa a ƙara wa reno 'yan sa'o'i don a samu isassun ƙwayoyi, amma ƙarin lokaci yana ba masu sauri damar shiga zagaye na biyu, su gauraya da na farko su tsarma lissafi. Maganin shi ne sinadarin BrdU da ake zubawa a ruwan reno, wanda ke shiga cikin sabon DNA. Bayan rini na musamman, ƙwayar da ke zagaye na farko kuromosom ɗinta duk launi ɗaya ne, ta zagaye na biyu kuwa kowane kuromosom ɓari ɗaya duhu ne ɓari ɗaya haske. Sun haɗo da hotunan nau'ukan biyu a cikin rahoto, kuma ko wanda bai taɓa leƙa madubin ƙara girma ba zai iya rarrabe su da kallo ɗaya. Duk ƙwayar da ta fito da launi biyu ana tsallake ta.

Rahoton ƙarshe ya zo da abin da ma'aunin ISO 19238 ya tanada ga irin waɗannan ɗakuna: yawan ƙwayoyin da aka duba, yawan daisentirik da aka gani, yadda suka watsu a tsakanin ƙwayoyi, ƙiyasin abin da aka sha da ma'aunin girai, da iyakokin sama da ƙasa na tabbacin kashi 95 cikin 100. Yadda ɓarna ta watsu yana da nasa labarin, domin idan jiki duka ne ya sha haskoki daidai wa daida, ɓarnar tana bin wani tsarin lissafi sananne, idan kuwa hannu ko cinya kaɗai ta sha, sai a ga 'yan ƙwayoyi ɗauke da ɓarna mai yawa a tsakiyar dubban masu lafiya. A namu aikin, jini na biyu, wanda ya isa da wuri kuma zanen zafinsa a miƙe yake, ya ba da amsa iri ɗaya da na farko, wato babu abin da ya wuce na mutumin da bai sha komai ba. Abin da ya ƙara musu daraja a idona shi ne sun rubuta a fili cewa a kan jini na biyu suka dogara, na farko kuwa mai goyon baya ne kawai saboda abin da ya same shi a hanya. Sun kuma ja kunne cewa gwajin ba ya iya ganin abin da bai kai kimanin girai 0.1 ba ko da an duba ƙwayoyi 1,000, don haka amsar ba ta ce ma'aikacin bai sha ko ƙanƙani ba, ta dai ce ba a ga alamar ya sha abin da ya kai wannan iyaka ba.

Ba a rasa abin suka. Takardar umarnin an rubuta ta ne da harshen masu ɗakin gwaje-gwaje, cike da taƙaitattun kalmomi, alhali wanda zai yi aiki da ita ma'aikacin jinya ne ko jami'in tsaron lafiya wanda ƙila wannan ne karonsa na farko. Gargaɗin kada a sa a firji, wanda ya cancanci zama a jikin kowace kwalba, yana can ƙasan shafi na biyu. Ba su kuma faɗa tun farko cewa ba sa buɗe akwati ranakun hutun mako ba, kuma da sun faɗa, kowa zai tsara ɗibar jini a farkon mako. Zaɓin kamfanin sufuri ma sun bar wa mai aikawa ba tare da wata shawara ba, duk da cewa su ne suka fi kowa sanin waɗanne hanyoyi ne kaya ke maƙalewa. Sabis da ya san cewa rabin nasararsa yana hannun masu dako bai kamata ya tsaya a bakin ƙofarsa yana jira ba. Jira ma yana da tsawo, ko da yake wannan halin gwajin ne fiye da laifinsu: bayan kwana biyun reno, duba ƙwayoyi 500 da ido yana cin mutum ɗaya kwana biyu ko uku, kuma na'urar da ke lalubo ƙwayoyin a kan gilashi da kanta tana rage wahala ne kawai, hukuncin ƙarshe na idon ƙwararre ne. Idan hatsari ya shafi mutane da yawa suna da tsarin gaggawa na duba ƙwayoyi 50 ga kowane mutum don a ware waɗanda ke buƙatar asibiti nan take, amma wannan ba ya amsa tambaya mai laushi irin ta baje.

Takardar tambayoyin da ma'aikaci ke cikewa doguwa ce, kuma ya yi ƙorafi a kanta, amma ban ga layin da za a cire ba. Suna tambayar ko an taɓa yi masa gashin ciwon daji, ko an ɗauke shi hoton sikanin CT kwanan nan, ko an ba shi maganin da ke ɗauke da radiyeshon, domin duk waɗannan suna barin daisentirik da ba a iya bambanta shi da na hatsari. Sunansa bai bi kwalba ba, lamba aka ba shi, ta yadda mai ƙidaya bai san jinin wane ne yake kallo ba.

Wanda zai nemi wannan sabis ya kamata ya tambaya tun kafin allura ta shiga jijiya wane gwaji ne za a yi, domin umarnin ajiya yana bin gwajin ne. Ɗakin yana yin wani gwajin da ke ƙidaya tabon karyewar DNA kai tsaye ta hanyar wani furotin mai suna gamma-H2AX, wanda ba ya buƙatar reno kuma yana ba da amsa a yini guda. Shi wannan a kan ƙanƙara ake son jininsa, domin tabon yana gushewa cikin sa'o'i yayin da ƙwaya ke gyara kanta, sanyi ne kuma ke tsayar da gyaran. Idan aka ɗebi kwalabe biyu daga hannu ɗaya don gwaje-gwajen biyu, ba za su shiga akwati ɗaya ba. Wanda kuma hatsarinsa ya yi shekaru, daisentirik ba zai yi masa adalci ba, tunda ƙwayoyin da ke ɗauke da shi suna ƙarewa daga jini a hankali. Abin da ya dace da shi shi ne gwajin da ake rina kuromosom da launuka masu ƙyalli a nemi inda suka yi musayar gutsure ba tare da an samu ƙugu biyu ba, domin irin wannan ɓarna tana tsallake rabuwa ta dawwama. Shi ma renon limfosait yake buƙata, saboda haka kwalba mai koren murfi da zafin digiri 18 zuwa 24 suna nan a kansa, kuma ɗakin yana karɓarsa idan an sanar da su tun kafin a aika.